Ba kamarar ce ta mutu ba, ku duba pil tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya sanyi ya ƙura, mu nan Damagaram kwana uku kenan hazo ya rufe mu ko duwatsun Birni da ƙyar ake hangowa. Dan Allah ka ɗan samar min fili a shafin wasiƙu. Na san maganar tawa ba ta siyasa bace ba kuma ta tsadar hatsi ba, wani ma zai ce wannan dattijon bashi da aikin yi ne, toh amma abin ya tsaya min a wuya tun bayan ƙaramar sallah kuma na ga ba yaro ɗaya ba ba biyu ba yanzu sun fara tono tsofaffin kamarori na pelikil, wato fim ɗin hoto, daga adakar kakanninsu suna son gwadawa, shi yasa nace bari dai in rubuto kafin a ƙarasa lalata sauran da suka rage a garin nan.

Ni tsohon mai hoto ne, wajen mahaifina na koya Allah ya jiƙansa, tun ina riƙe masa filash a gidajen biki har na kai ina shiga ɗakin duhu ni kaɗai. Kamararsa Minolta SRT-101 ce, irin wadda aka fara yi a Japan a 1966, ƙarfe ce zalla in ta faɗo maka a ƙafa sai ka yi sati kana ɗingishi. Bayan rasuwarsa ta zauna wajen ƙanwata cikin jakarta ta fata shekara da shekaru, sai bana ɗanta da ke jami'a ya gano ta. Yaron kirki ne wallahi amma ɗan zamani ne, komai cikin gaggawa. Ya samo pelikil ta hannun wani abokinsa, ya je kasuwa ya sayi pil, wato ɗan batir, da ya shiga raminsa daidai, allurar auna haske ta motsa yace alhamdulillahi tana aiki, ya tafi ƙofar fada ranar hawa ya ɗauki hoto 36 cif, dawakai da dogarai da masu algaita da komai. Da aka wanko sai ga kilishe fari fes kamar ledar shan ruwa (kilishe fa nace Malam Edita ba kilishi na ci ba, ƴan uwanmu na Kano su dodon hoto suke cewa), hotunan kuma da aka fitar duk duhu, fuskokin mutane baƙi ƙirin sai rawuna kawai kake gani suna yawo.

Maimakon ya zo wajen kawunsa da ke nan unguwa ɗaya dashi, sai ya kai wa wani mai gyaran salula. Ba zan faɗi suna ko wuri ba, yaro ne mai neman halak ɗinsa kuma a salula ya iya, amma da yace ban san wannan ba da ya fi masa. Ya kwance murfin sama, toh ita SRT a ƙarƙashin murfin nan akwai wasu siraran zaruruwa da ke bi ta kan ƴan ƙananan gargare, su ne ke haɗa makunnin bites, wato saurin harbi, da zoben diyafaram, wato ƙofar da haske ke bi a idon kamara, da ɗan da'irar nan da ke bin allura a cikin tagar leƙe. Ya taɓa zare ya zame, ya rasa yadda zai mayar, ya rufe ya ce masa selil ɗin, wato ma'aunin haske, ya ƙone sai dai a yar. Garin gyaran gira an rasa ido. Sati biyu na yi da tabarau biyu a hanci kafin in mayar da zaren nan inda yake, da na gama na auna sai na tarar tun farko ba abinda ya samu kamarar, lafiyarta ƙalau, pil ne kawai ba nata ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Toh bari in yi bayanin pil ɗin nan da kyau domin shi ne ke kayar da kusan kowa. Kamarori da yawa na shekarun 1960 da 1970, irin su wannan Minolta da Canon FTb da Olympus OM-1, an yi ma'aunin haskensu ne, wanda mu muke kira selil, a kan pil mai sinadarin merkur, lambarsa PX625 ko PX13, ƙarfinsa bolt 1.35. Abin da yasa masu ƙera kamara suka so shi, tun ranar da ka saka shi har ya kusa mutuwa yana nan a 1.35 ɗinsa baya hawa baya sauka, dan haka basu damu su sa wani abu a ciki da zai daidaita wuta ba, sun dogara ga pil ɗin kawai. Sai aka zo aka hana yin sa saboda merkur guba ce, Amurka ta yi dokarta a 1996, Turai ma ta hana, yau ba ka samun sabo. Wanda ake sayarwa mai siffa irin tasa sak, 625A, alkalin ne, yana farawa daga bolt 1.5 ko ma sama kaɗan sannan ya dinga gangarowa a hankali kullum. Mutum zai ce haba 1.35 da 1.5 ai duk ɗaya ne. A torci eh duk ɗaya ne, a selil ba ɗaya bane. Wuta ta yi yawa sai allura ta ƙara tafiya ta nuna maka haske ya fi yadda yake, kai kuma ka bi ta ka tsuke diyafaram ko ka ƙara bites, hasken da ya kai ga pelikil ya gaza, shi ne ka ga kilishe fari hoto duhu. Abinda ya faru da ɗan ƙanwata kenan ba ƙari ba ragi.

Kuma mugun abin ba wai kuskuren a tsaye yake wuri ɗaya ba balle ka ce ka gane shi ka dinga ragewa. Na gwada a gabansa da pil ɗin da ya sayo, cikin ɗaki bambancin bai wuce rabin mataki ba, muka fito tsakar gida da rana tsaka sai ga mataki biyu cur. Mataki ɗaya a wajenmu shi ne ninki, wato a bites daga 1/125 zuwa 1/250 ko a diyafaram daga 11 zuwa 16 ka raba haske biyu, toh mataki biyu kenan kashi ɗaya cikin huɗu na hasken da ya kamata ne kawai ya shiga. Bayan wata uku kuma pil ɗin ya sauko ya zo daidai 1.35 kwatsam sai ka ga hotuna sun yi kyau ka ce ta warke, bayan wani watan ya wuce ƙasa sai kuskure ya juya ɗaya ɓangaren. Shi yasa wasu ke cewa tsohuwar kamara aljanu gare ta. Ba aljani ko ɗaya, alkalin ne.

Magani mafi araha kuma wanda ni nake yi shi ne pil na na'urar da masu matsalar ji ke saƙalawa a kunne, lamba 675, mai ƴar takarda shuɗiya manne a bayansa. Shi da iska yake aiki, ƙarfinsa wajen bolt 1.4 kuma yana tsayawa wuri ɗaya kamar na da, selil baya jin bambancin sosai. Ka ɓare takardar ka jira kamar minti ɗaya iska ta shiga ƴan hudojin sannan ka saka. Ya fi ramin ƙanƙanta, shi milimita 11.6 ne faɗinsa na asalin kuma wajen 15.6, dan haka sai ka samo ɗan zoben roba irin na masu gyaran famfo ka zagaye shi dan kada ya dinga yawo, ni har da guntun wayar lantarki mai riga na taɓa naɗawa ta yi. Aibinsa ɗaya, da ka ɓare takardar nan ya fara mutuwa ko kana aiki ko baka yi, kuma busasshiyar iska tana shanye shi, toh ka san Damagaram da hunturu leɓen mutum ma tsagewa yake balle pil. Da damina yakan kai min wata biyu ko fiye, da hunturu wani lokaci sati uku an gama. Nakan toshe wasu daga hudojin da ɗan salatif in bar guda ɗaya, yana ƙara masa kwana. Kuma a kati yake zuwa guda shida, wanda ba a ɓare ba yana ajiyuwa.

Wanda ke da hali akwai wani ɗan gida da ake kira MR-9, siffar tsohon pil gare shi, ka saka ƙaramin pil na azurfa a ciki shi kuma ya rage wutar daga 1.55 zuwa wajen 1.35 da wani ɗan diyod da ke cikinsa. Mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai iya saka irin diyod ɗin, Schottky ake ce masa, a kan wayar pil a cikin kamarar kanta ta murfin ƙasa ba sai an taɓa na sama ba. Amma fa da pil na azurfa ake wannan, SR44 ko 357, ba LR44 ba ba AG13 ba. Girmansu ɗaya sak, mai tebur zai rantse maka duk abu ɗaya ne kuma shi ba ƙarya yake ba a saninsa, S ɗin nan da L ɗin nan su ne duk maganar, na S yana riƙe ƙarfinsa har ƙarshe na L gangarowa yake.

Ba kowace kamara ke da wannan lalurar ba fa kada wani ya tashi hankalinsa a banza. Pentax K1000 ta 1976 dama da irin su SR44 aka yi ta, Pentax Spotmatic kuma ko da yake zamanin merkur ce tsarin wayoyinta bai damu da ɗan bambancin wuta ba. Ita K1000 nata halin daban ne, ba ta da makashi, in ka bar ido a buɗe ba murfi selil na ta aiki har pil ya ƙare, mutane da yawa sun ce ta lalace alhali murfi ne ya ɓace.

Kafin ma maganar wane pil, ka buɗe ramin ka leƙa. Ta mahaifina da aka fara buɗewa tsohon pil na ciki tun na shekarun baya ya yi farin gari da kore-kore, yaron ya ƙwaƙule da ƙusa ya jefar a tsakar gida, da na ji haka sai da na sa aka nemo shi. Dan Allah jama'a in kun sami irin wannan kada a jefa a murhu ko a bola inda yara ke wasa, merkur ne a ciki, kuma ko wane irin ƙaramin pil ne in yaro ya haɗiye sai likita da gaggawa. Garin nan da ke ramin kuma auduga a tsinke da ɗigon binegar tana cinye shi, ka goge ka bari ya bushe sarai sannan ka murza ƙarfen da abin goge fensir har ya yi ƙyalli. In allura tana tsalle-tsalle ko tana zuwa tana ɗaukewa galibi nan ne, ko kuma tsatsar ta bi waya ta ci ta daga ciki ta yi baƙi. A gindin SRT akwai ɗan makunni mai ON da OFF da BC, in ka juya BC allura ta kan tsaya a kan ɗan alamar da ke cikin tagar leƙe in pil lafiya, in ta wuce shi toh wutar ta yi yawa, ka ga kamarar da kanta tana faɗa maka amma wa ya tsaya saurare.

Yanzu ta yaya mutum zai san selil ɗinsa na faɗin gaskiya ba tare da ya ƙona pelikil ba, tunda pelikil yanzu sai an yi sautu kuma kuɗinsa ba na wasa bane. Mu da aka koya mana da rana ake aunawa. Ranar da gari ya yi garau ba hazo ba gajimare, tsakanin ƙarfe goma zuwa uku, ka juya wa rana baya ka fuskanci abu mai matsakaicin launi, bangon jar ƙasa da ba a shafa wa farar ƙasa ba ya yi daidai, ka sa ASA, wato lambar ƙarfin pelikil, a 100 bites a 1/125, allura ya kamata ta kai ka diyafaram 16 ko kusa da nan. In ASA 400 ne bites 1/500 diyafaram 16 dai. Wannan ƙa'idar duk mai hoto na duniya ya san ta kuma rana ba ta cin pil. Ta mahaifina da alkalin sai da na kai 1/500 a ASA 100 kafin allura ta shiga da'ira, da na sa 675 ta dawo 1/125 zam. Yaron ya dube ni yace Kawu wai dama shi kenan? Nace shi kenan ɗana, kuɗin da ka ba mai salula ma ya sayi kati biyu.

Amma awo ɗaya bai isa ba, ka yi uku, cikin rana da inuwar bango da cikin ɗaki, ka gwama da wata kamarar da ka yarda da ita ko manhajar auna haske ta salula, su ma suna ƙoƙari ba laifi, sai dai ka matsa kusa bango ya cika ido duka biyun domin salula ta fi ganin fili. In bambancin iri ɗaya ne a duka ukun, misali ko'ina mataki ɗaya take ragewa, toh ba sai an kwance komai ba, ka yi mata wayo da makunnin ASA, pelikil na 200 ka ce mata 100 ne shi kenan ku zauna lafiya, ka rubuta a ɗan salatif ka manna a bayanta dan kada ka manta. In kuwa a rana daban a ɗaki daban, kuma ka tabbata pil daidai ne, toh ƙwayar selil ɗin ce ta tsufa, nan ne ake neman mai gyara na gaske. Su waɗannan ƙwayoyin selil da ake kira CdS suna da wani hali ma ko suna da lafiya, in ka fito da su daga rana mai ƙarfi ka shiga zaure sai sun ɗan jima kafin su dawo hayyacinsu kamar dai idon mutum, ka basu ɗan lokaci kada ka yarda da abin da allura ta fara nunawa. Sannan ka manna idonka sosai a tagar leƙe, in rana na bayanka ko kana sanye da tabarau haske na shiga ta nan baya ya ruɗa awon. Akwai kuma zoben da ke bakin kamara wanda ke bin diyafaram, ƙurar garin nan tana sa shi ya dinga liƙewa, ka juya diyafaram kana kallo ka ga ko yana biyowa da kansa yana komawa.

Masu Zenit kuma, domin na san akwai su da yawa a gidaje wajen waɗanda iyayensu suka yi karatu a Rasha, kada ku wahalar da kanku neman ramin pil a Zenit-E babu shi. Selil ɗinta na seleniyom ne, ɗan gilashin nan mai ƙyalli da ke goshinta shi ke haifar da wutarsa daga haske, haka Olympus Trip 35 mai zobe kewaye da ido. Shi kuma tsufa yake da zafi da laima da daɗewa a haske, in ya raunana sai ya ga haske kaɗan ya sa ka buɗe da yawa, kilishe ya fito baƙi mai kauri, kishiyar na ɗan ƙanwata. Wanda ya mutu ya mutu sai dai a musanya, wanda ke da sauran rai a dinga ajiye shi cikin jakarsa a duhu. Kuma lambobin da ke kan Zenit da yawa GOST ne na Rasha ba ASA ba, 90 ɗinsu shi ne 100 namu, 180 shi ne 200. Wani abin dariya da ke faruwa da hunturu, mutum ya goge ƴar tagar allura da hannun riga sai allura ta manne gefe ɗaya ta ƙi motsi, wannan wutar nan ce da ke tartsatsi a bargo da daddare, ka huro mata hucin bakinka kawai zata saki. Na taɓa karɓar goro a kan wannan gyaran Allah ya yafe min.

Toh sai babbar magana wadda ko selil sabo fil daga kamfani bazai raba ka da ita ba. Selil bashi da hankali, duk abin da ka nuna masa ɗauka yake launin toka ne matsakaici, ya yi lissafinsa a kan haka. Mu kuma ina muke, gari ne na fararen riguna da farin rairayi da sararin sama da hazo ya mayar fari fat. Ranar sallah ka nuna masa sahun mutane cikin farar shadda da rawuna zai ce kai wannan haske ya yi yawa a rage, ya mayar da shaddar toka-toka, fuskokinmu kuma da dama duhu ne su nutse gaba ɗaya. Dan haka ko da pil ɗin yaron daidai ne da sai ya yi asarar mataki ɗaya ko biyu a ƙofar fada, biyu suka haɗu masa. Mahaifina abin da ya koya min, ka manta da rigar, ka ɗaga tafin hannunka cikin irin hasken da ke kan fuskar mutumin ka cika ido dashi ka auna sannan ka buɗe mataki ɗaya, domin tafin hannu ya fi tokar nan haske da kamar mataki ɗaya kuma kullum yana tare da kai. In amarya ce a bakin ƙofa haske na bayanta ka matsa kusa ka auna fuskar kaɗai ka dawo baya ka ɗauka, ko allura ta yi ta ihu ka ƙyale ta. Kuma pelikil na kala irin su Kodak Gold 200 yana yafe maka in haske ya yi yawa da mataki biyu ma, amma in ya gaza baya yafewa, dan haka in kana shakka ka buɗe.

Ni in gaskiya za a bi ma ba na ganin mutuwar selil ta isa a yar da kamara. SRT da K1000 da OM-1 da Zenit duk da zare da sifirin suke harbawa, pil na allura ne kawai, ka cire shi ka jefar ta ɗauki hoto. Ka dubi inuwar mutum a ƙasa, bites daidai da ASA, in inuwa ta fito da kaifi 16, in gefenta ya yi laushi kamar ranar hazo kaɗan 11, in da ƙyar ake ganinta 8, in babu ita sam 5.6, ƙarƙashin bedi ko rumfa 4, a kan farin rairayi tsakar rana kuma har 22 in idon kamarar ya kai. Tsofaffin masu hoton bakin kasuwa masu akwati da baƙin ƙyalle wa ya taɓa ganin su da selil.

Wani lokaci kuma selil ake zagi alhali ba ruwansa. Ka ɗauki kilishe ka ɗaga a haske ka dubi lambobi da sunan da ke gefen-gefe, waɗannan daga kamfani aka buga su ba su bi ta kamara ba, in sun fito baƙi sosai amma hoton ya yi fari toh laifin na wajen ɗauka ne, in su ma sun koɗe toh wanki ne, magani ya tsufa ko an cire da wuri, ka koma wa mai labo cikin mutunci. In pelikil ɗin ya daɗe da wuce kwanansa ko ya sha zafi a shago shi ma ƙarfinsa ya ragu, mukan ƙara mataki ɗaya a duk shekara goma. In hotunan da aka ɗauka a 11 da 16 ne kawai suka ƙone da haske na 2.8 kuma lafiya, cire idon ka duba ganyayen diyafaram, zafin garin nan yana narkar da man da ke cikin ido ya gangaro kansu su dinga rufewa da nawa, musamman ga masu barin kamara a ƙarƙashin sirdin babur ko cikin mota a rana. Ka buɗe bayan kamara ba pelikil ka harba a daƙiƙa ɗaya kana sauraro, in ta yi ta jan ƙafa toh bites ne ke ƙarya. Jan zane-zane a gefen hoto kuma soson bakin ƙofa ne ya ruɓe haske na satar shiga. Duk waɗannan ba wanda ke buƙatar sukurdireba kafin a gane shi.

Roƙona Malam Edita guda biyu ne. Na ɗaya ga ƴaƴanmu masu gyaran salula da agogo, in an kawo muku irin wannan kayan ku ce a fara gwada pil da rana, kada ku taɓa murfin sama, kayan gyaransu ba a yin su yanzu in abu ya tsinke sai an yanka wata kamarar. Na biyu ga masu farmasi da masu shagon pil na Kasuwar Dole da Zango, ku dinga ajiye mana 675 da SR44 na gaske ko kati biyu-biyu ne, masu na'urar kunne ma suna nema ba mu kaɗai ba.

Shi kuwa ɗan ƙanwata ya sake samo pelikil ɗaya baƙi da fari, na sa shi ya ɗauki littafi yana rubuta bites da diyafaram na kowane hoto da abin da allura ta ce da abin da inuwa ta ce, yana ta gunaguni wai Kawu wannan ai lakol ka mayar dani. Mun wanke a bayan ɗakina da daddare da ruwan randa da ƴar ƙanƙara dan ya sauko digiri 20, hoto 31 cikin 36 sun fito, har da na mahaifiyarsa zaune a bakin zaure da farin mayafi kuma fuskarta ta fito sarai har zanen goshinta. Sauran biyar ɗin ya manta makunni a OFF ne. Yanzu wai yana jiran babbar sallah ya koma ƙofar fada, na ce masa ya ɓare sabon pil ranar jajibere ba kafin nan ba.

Na gode da fili, a gaida ma'aikata.

Naka,
wani tsohon mai hoto,
Zango, Damagaram